Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Kyaftin Ɗin Alfarma Ya Hallaka Jirgin Méduse

Yau za mu bar tudu mu shiga teku, mu koma baya shekara 200 da 'yan kai, zamanin da manyan jiragen teku ba su da inji, iska ce kaɗai ke tura su. Labarin wani jirgin yaƙin Faransa ne mai suna Méduse, ana furta shi Meduz. Jirgin ya shiga yaƙi ya fita lafiya, ya je bangon duniya ya dawo lafiya, amma sai ga shi ya hallaka da rana tsaka, babu hadari, babu abokin gaba, a gaɓar Afirka ta Yamma. Fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Ku biyo ni ku ji abin da ya jawo.

Wane irin jirgi ne?

An ƙera Méduse a garin Paimbœuf, kusa da birnin Nantes da ke yammacin Faransa, aka saka shi a ruwa a shekarar 1810, lokacin da Napoliyon ke mulki yana gwabza yaƙi da Ingila. An samo sunan ne daga tatsuniyar Girkawa, inda ake da wata dodanniya da macizai ne gashin kanta.

Jiragen yaƙin wancan zamani iri-iri ne. Akwai manya masu igwa 74 ko ma fiye da 100, waɗanda ke jeruwa sahu-sahu su yi ta ɓarin wuta da abokan gaba. Akwai kuma matsakaita da Faransawa ke kira frégate, kuma Méduse a cikinsu yake. Tsawonsa kimanin mita 47, faɗinsa kimanin mita 12, yana ɗaukar igwa 40 ko sama da haka kaɗan. Amfanin irinsa shi ne gudu. Shi ake aikawa leƙen asiri, shi ke kai saƙo, shi ke raka jiragen fatake, shi ke farautar na abokan gaba.

Da katako aka gina shi, aka lulluɓe gindinsa da fallayen jan ƙarfe don kada tsutsar teku ta ci katakon, kada kuma ciyayi su manne su rage masa gudu. A kansa an kafa dogayen turaku uku, ana rataya musu manya-manyan ƙyallaye masu kauri kamar tamfol. Iska ta bugi ƙyallayen, jirgi ya tafi. Idan ana so a ƙara gudu ko a rage, sai ma'aikata su hau can ƙololuwa su warware ƙyalle ko su naɗe, ko da dare ne, ko ana ruwa.

To yaya suke sanin inda suke, tunda babu na'urar tauraron ɗan'adam? Suna da taswira, da kamfas mai nuna arewa, da na'urar auna tsayin rana. Akwai kuma wani ɗan abu mai sauƙi da nake so ku riƙe, don a kansa labarinmu zai juya. Igiya ce doguwa da aka ɗaura wa dunƙulen darma, a gindin darmar an liƙa kitse. Ana jefa ta a ruwa har ta taɓa ƙasa, sai a ƙirga gaba nawa igiyar ta nutse. Gaba dai kun san ta, daga yatsun wannan hannu zuwa na wancan idan mutum ya buɗe hannuwansa. Kitsen kuma yana ɗauko abin da ke ƙasa, yashi ne ko taɓo ko tsakuwa. Da wannan gogaggen matuƙi yake gane ko ya kusa tudu.

Méduse ya nuna ingancinsa tun da wuri. A 1811 ya je har tsibirin Java, a ƙasar Indunusiya ta yau, a lokacin da jiragen Ingila suka cika tekuna suna farautar na Faransa, ya kuma dawo tashar Brest lafiya a ƙarshen shekarar. Saboda haka kada kowa ya ɗora wa jirgin laifin abin da ya biyo baya.

Yadda aka yi aka ba shi kyaftin

A 1789 aka yi juyin juya hali a Faransa, a 1793 aka kashe Sarki Luwi na 16. 'Yan sarauta da yawa suka gudu ƙasashen waje, cikinsu har da hafsoshin sojan ruwa. Da aka ci Napoliyon da yaƙi a Waterloo a 1815, sarauta ta dawo da ƙarfinta a hannun Luwi na 18, ƙanen sarkin da aka kashe. Sabuwar gwamnati ba ta amince da hafsoshin da suka yi wa Napoliyon aiki ba. Aka sallami da yawa daga cikinsu, aka ba waɗanda suka yi gudun hijira muƙamai don a saka musu biyayyar da suka yi wa gidan sarauta.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci wannan gajiya shi ne Hugues Duroy de Chaumareys, ana furta sunan Shomare. Ya yi aikin sojan ruwa yana saurayi, amma ya shekara fiye da 20 bai tuƙa jirgi ba. Aikin karɓar haraji ya koma yi a kan tudu. Yana da shekara 50 da 'yan kai aka ɗauko shi aka damƙa masa Méduse, aka kuma sa shi shugabancin ayarin jirage huɗu. Ƙananan hafsoshin da aka sa a ƙarƙashinsa, waɗanda suka sha gwagwarmayar teku a zamanin yaƙi, sun fi shi sanin aikin nesa ba kusa ba. Shi bai yarda da su ba, su ma ba su ga girmansa ba. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Chaumareys dai ya tashi.

Ina aka nufa?

A bakin kogin Senegal akwai garin Saint-Louis, wanda mutanen ƙasar ke kira Ndar. Faransawa sun daɗe da kafa sansanin ciniki a can, suna sayen ƙaro, suna kuma cinikin bayi. Ingilishi suka ƙwace garin a 1809, amma bayan yaƙi aka yi yarjejeniya za su mayar. Aikin ayarin shi ne ya kai sabon gwamna, Kanar Julien Schmaltz, da sojoji da ma'aikata su karɓi garin. Wannan gari ne daga baya ya zama hedikwatar farko ta Afirka ta Yamma ta Faransa, tarayyar mulkin mallakar da ƙasar Nijar ta shiga cikinta daga bisani.

Ranar 17 ga Yuni 1816 ayarin ya tashi daga yankin Rochefort: Méduse, da Écho, da Argus, da Loire mai ɗaukar kaya. Mutum wajen 400 ne a cikin Méduse, har da gwamna da matarsa da 'yarsa, da mata da yara. Tunda fasinja da kaya aka ɗauka, an sauke yawancin igwogin, an bar 14.

Kuskuren farko shi ne gaggawa. Gwamna yana so a isa da wuri, kyaftin yana so ya faranta masa. Méduse ya fi sauran gudu, sai ya bar Argus da Loire a baya, alhali amfanin tafiya a ayari shi ne idan ɗaya ya samu matsala sauran su kawo ɗauki.

Kuskure na biyu ya fi muni. A gaɓar ƙasar Muritaniya ta yau akwai wani wuri da ake kira Arguin, inda tuddan yashi suka shimfiɗu a ƙarƙashin ruwa har nesa da gaɓa. Duk matuƙan zamanin sun san shi, yana cikin taswira, an kuma gargaɗi kyaftin tun kafin ya tashi. Ƙa'idar ita ce a hango wani tsinin ƙasa da ake kira Cap Blanc, daga nan a karkata can cikin teku a kewaye yashin. Chaumareys ya yi watsi da hafsoshinsa, ya ɗauki shawarar wani fasinja mai suna Richefort da ya ce ya san hanya. Suka hango gajimare a nesa suka ce Cap Blanc ne. Lissafinsu duka ya tashi a kan wannan kuskure. Écho, wanda ke kusa da su, ya yi musu alama da fitilu cikin dare, bai samu amsar kirki ba, ya karkata cikin teku abinsa. Lafiya lau ya isa Saint-Louis.

Ranar 2 ga Yuli

Da gari ya waye alamu suka fara bayyana. Launin ruwa ya sauya, ga ciyayi na yawo, ga kifi da yawa, ga yashi na tasowa. Wani ƙaramin hafsa mai suna Maudet ya sa aka jefa igiyar awo, aka samu gaba 18. A teku wannan ba zurfi ba ne. Kyaftin ya yi jinkiri, bai juya sosai ba. Aka sake jefawa, gaba 6. Kafin a gama juya jirgi, gindinsa ya daki yashi ya kafe. Wajen ƙarfe uku na rana ne, sama garau, kuma ba a ko hango gaɓa.

Ga wani ƙarin rashin sa'a. Teku takan cika ta janye sau biyu a yini, cikar kuma takan fi yawa a wasu ranakun wata. Méduse ya kafe ne daidai lokacin babbar cika. Ke nan babu wani ruwa da zai zo ya fi wannan ya ɗaga shi. Dabara ɗaya ta rage, a rage masa nauyi. Aka kawo shawarar a jefar da igwogin nan 14, kowace tana da nauyin tan kusan uku. Kyaftin ya ƙi, wai kayan sarki ne. Kwana uku ana fama, sai iska mai ƙarfi ta taso, jirgi ya fara tsagewa, ruwa na shiga.

Ƙananan jiragen ceto shida ne kawai, ba za su ɗauki mutum 400 ba. Sai aka harhaɗa turaku da katakai aka ɗaure da igiyoyi, aka yi wani dandamali mai tsawon mita 20 da faɗin mita 7. Aka yi alkawari cewa ƙananan jiragen za su ja shi har gaɓa. Ranar 5 ga Yuli aka bar Méduse. Gwamna da iyalinsa suka shiga jirgi mai kyau, da sauran wuri a ciki. Kyaftin ma ya shiga nasa, alhali akwai sauran mutane a cikin babban jirgin, kuma dokar teku ta ce kyaftin ne na ƙarshen fita. Wani hafsa mai suna Espiaux ne ya koma da nasa jirgin ya kwaso waɗanda aka bari. Duk da haka mutum 17 suka zauna, suka ce gara nan da dandamalin.

Mutum 147 aka tura kan dandamalin, yawancinsu ƙananan sojoji, da mace ɗaya. Nauyinsu ya sa ya nutse har ruwa ya kai musu kugu. Aka fara ja, tafiya ta ƙi sauri. Ba a yi nisa ba sai aka saki igiyoyin. Jiragen suka tafi, suka bar mutum 147 a tsakiyar teku, babu abin tuƙi, babu abin juyawa.

Kwana 13

Guzurinsu buhun biskit ɗaya ne da ya jiƙe, aka cinye shi ranar farko, sai gangar ruwa biyu da gangunan giya shida. A daren farko igiyar ruwa ta tafi da mutum wajen 20. A dare na biyu tsoro da maye suka haɗu, faɗa ya ɓarke, kowa na neman tsakiyar dandamali inda ya fi aminci, aka kashe mutane da dama, ruwan sha ma ya faɗa teku. A rana ta huɗu waɗanda suka rage ba su kai rabi ba. Yunwa ta kai su ga cin naman gawarwaki. Wajen rana ta takwas, masu sauran ƙarfi suka yanke shawarar jefa marasa lafiya da masu rauni a ruwa don abin shan da ya rage ya ishe su. Matar nan na cikin waɗanda aka jefa. Ba na faɗa muku wannan don in tayar muku da hankali ba. Ina so ku ga inda sakacin mutum ɗaya ya jefa bayin Allah.

Ranar 17 ga Yuli suka hango jirgi can nesa kamar ɗigo. Suka ɗaga tsummoki suna kaɗawa, jirgin ya ɓace. Bayan kamar awa biyu sai ga shi a kansu. Argus ne, ɗaya daga cikin jiragen da aka bari a baya. Mutum 15 ya tarar da rai, biyar daga cikinsu suka mutu ba da jimawa ba.

Na cikin ƙananan jiragen fa? Gwamna da kyaftin sun isa Saint-Louis cikin 'yan kwanaki. Wasu jiragen kuwa ƙishirwa ta sa suka sauka a gaɓar hamada, mutane suka kama tafiyar ƙasa zuwa kudu cikin zafin rana. Makiyayan Muritaniya da suka gamu da su ne suka sayar musu da ruwa da abinci, suka kuma nuna musu hanya. Daga baya aka aika jirgi wurin Méduse, babban dalili kuwa shi ne a ɗauko kuɗin gwamnati da aka bari a ciki. Bayan fiye da kwana 50 aka isa. Jirgin na nan bai wargaje ba, cikin mutum 17 ɗin nan uku ne da rai.

Ramin ƙarya ƙurarre ne

Gwamnatin sarki ta so a rufe maganar, don ta san ita ta naɗa kyaftin ɗin. Amma cikin waɗanda suka tsira daga dandamalin akwai likita, Henri Savigny, da injiniya, Alexandre Corréard. Rahoton da Savigny ya rubuta wa hukuma ya faɗa hannun 'yan jarida, jaridar Journal des débats ta buga shi a watan Satumba 1816. Faransa ta ɗauki zafi. Mutanen biyu suka sha tsangwama, suka rasa ayyukansu, amma ba su yi shiru ba. A 1817 suka fitar da littafi a kan abin da ya faru, aka yi ta sayensa, aka fassara shi zuwa wasu harsuna.

Dole aka gurfanar da Chaumareys a kotun soja a Rochefort a farkon 1817. Dokar sojan ruwa ta ba da damar yanke hukuncin kisa ga kyaftin ɗin da ya bar mutanensa ya gudu. Shi kuwa ɗaurin shekara uku aka yi masa, aka kore shi daga aiki, aka ƙwace lambobin girmansa. Mutane da yawa suka ga an yi masa sassauci. Ya rayu har 1841.

Abin da ya hana a manta da labarin shi ne zane. Wani matashin mai zane, Théodore Géricault, ya nemi Savigny da Corréard ya ji daga bakinsu. Ya sa kafintan da ya tsira ya ƙera masa ɗan ƙaramin samfurin dandamalin, ya riƙa zuwa asibiti yana nazarin jikin marasa lafiya da gawarwaki. A 1819, yana ɗan shekara 27, ya baje wani ƙaton zane mai tsayin kusan mita 5 da faɗin mita 7. Ya zaɓi lokacin da suka hango Argus ba su san ko ya gan su ba. A can sama da kowa ya zana wani baƙar fata yana kaɗa ƙyalle, shi ne begen duk sauran. A zamanin da ake kan cinikin bayi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Zanen yana gidan tarihi na Louvre a birnin Faris har yau. Ragowar jirgin kuma masu bincike sun gano ta a ƙarƙashin ruwa a 1980. Yankin Arguin yanzu gandun tsuntsaye da kifaye ne, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1989.

Abin da ya shafe ku

Ku lura, babu abin da aka rasa a cikin Méduse. Akwai taswira, akwai igiyar awo, akwai hafsoshin da suka san aiki suka kuma yi magana. Abin da aka rasa shi ne shugaban da ya san abin da gaba 18 ke nufi, ko kuma mai tawali'un da zai saurari wanda ya sani. An ba shi muƙami don wanda ya sani, ba don abin da ya sani ba. Teku kuwa ba ta san ɗan gidan wane ba.

A cikinku akwai likitocin gobe, da injiniyoyi, da matuƙan jirgin sama, da malamai. Wanda ya ci jarrabawa da satar amsa, ko aka saya masa sakamako, takarda ya samu. Wata rana za a miƙa masa allura ko zanen gada, rayukan mutane na hannunsa, kuma ranar babu wanda zai leƙa wa amsa. Ku kuma tuna da Maudet da ya jefa igiya ya faɗi abin da ya gani, da Espiaux da ya koma ɗaukar waɗanda aka bari, da Savigny da Corréard da suka rasa aiki don sun ƙi rufe gaskiya. Dukansu ƙanana ne a muƙami, amma su ake ambata da alheri yau.

Aikin gida

1. Ku buɗe taswirar Afirka ku nemo Muritaniya, da kogin Senegal, da garin Saint-Louis.
2. Ku auna gabarku da ma'aunin mita. Idan gaba 6 ce zurfin ruwa, mita nawa ke nan a awonku?
3. Ku tattauna a aji: cikin kurakuran kyaftin, wanne ne ya fi jawo asarar rayuka, kuma me ya sa?

Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.